Sunaye Goma Sha Ɗaya a Bangon Tres Ceibos

Tres Ceibos, 3 ga Fabrairu, 1997

Ƙanina Rufino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iskar garin nan naku mai sanyi. Mu nan zafi ake yi, ko karnuka ba sa fitowa da rana. Mama da sauƙi, ƙafar ce dai, ranar da ta kumbura sai Mama ta ce ruwa zai sauko, ruwan kuma shiru. Maigidana Aníbal yana gaishe ka, sun fara shirin tsinkar lemo a gonar da yake aiki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Za a gina muku bango a dandali, gaban coci. Baƙin dutse za a kawo daga birni, a sassaƙa sunayen duk waɗanda aka ɗiba daga garin nan zuwa yaƙin tsibiran Malvinas. Waɗanda suka rasu a hagu, masu rai a dama. A hagu akwai abokinka Fermín Ojeda, da ɗan gidan Sotelo, da Cirilo Vallejos. An ɗan yi gardama a kan Cirilo, tunda ba a yaƙi ya mutu ba, shi ya rataye kansa bara waccan, amma Fada, limamin coci, ya ce yaƙin ne ya biyo shi gida, a sa shi. Ranar biyu ga Afrilu za a buɗe, shekara goma sha biyar cif da fara yaƙin.

Shugaban kwamitin wani Don Evaristo Quiroz ne. Ba ka san zuwansa ba, shekara huɗu ke nan da ya buɗe shagon kayan gini kusa da tasha. Saje ne a da, ya ce a tsibiran tare kuke. Shi ya ba da siminti da rodi, shi ya sa aka ce a haɗa da sunansa duk da ba haifaffen nan ba ne, kun zama ku goma sha ɗaya. Jiya da yamma ya zo gidan nan da kansa, ya cire hula ya gaishe da Mama, muka zagaya da ƙoƙon shayinmu na mate. Ya ce, "Rufino Maidana! Ai ba zan manta da yaron nan ba, shi ma na san bai manta da ni ba." Mama har da ƙwalla don daɗi.

Sannan Doña Blasia, mahaifiyar Fermín, ta tare ni a bakin coci. Ta ce tunda raminku ɗaya da ɗanta a fagen yaƙi, kai take so ka tsaya kusa da ita ranar, ka kuma gaya mata yadda ya cika. Takardar rasuwarsa da aka kawo mata a lokacin layi biyu ce kawai.

Shekara shida rabonka da gida, Rufino. Kifin kamfanin nan da kake wa aiki ba zai gudu ba. Ka nemi hutu ka zo.

Yayarka,
Zunilda

Puerto Deseado, 11 ga Fabrairu, 1997

Yaya Zunilda,

Na sami wasiƙarki. Ina lafiya. Ki gaishe da Mama, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan kujera. Ki gaishe da Aníbal.

Yaya, kin ba mutumin nan adireshina? Ki gaya min gaskiya. Kada ki ƙara barinsa ya shiga gida. In ya zo ki tsaya a bakin ƙofa, ki ce Mama tana barci. Kada ki nuna masa wannan takarda, kada ki ce ma na rubuto.

Ba zan iya tsayawa kusa da Doña Blasia ba. Ki kuma gaya wa kwamitin kada su sa sunana a dama. Wurina yana hagu, ƙarƙashin na Fermín, tun shekara goma sha biyar can ya kamata a rubuta ni.

Na gaji, Yaya. Kafin ranar nan ta zo zan kawo ƙarshen abin nan. Na riga na yanke shawara.

Rufino

Tres Ceibos, 19 ga Fabrairu, 1997

Rufino,

Muna lafiya, Mama lafiya. Kai nake tambaya. Wace irin magana ce wannan ka rubuto min? A tsaye na karanta ta a gidan waya, sai da mai sayar da tambari ya ba ni kujera. Me ake nufi da wurinka yana hagu? Wace shawara ka yanke? Rufino, sati ɗaya kafin Cirilo ya yi abin da ya yi, haka ya ce wa matarsa, ya gaji. Ni na taya ta wanke ɗakin. Kada ka yi min haka. Kada ka yi wa Mama haka. Ni na goye ka, ni na kai ka tasha ranar da aka ɗebe ku kanka a aske, ni na je na ɗauko ka ranar da ka dawo wando yana zamewa daga ƙugunka. Ban taɓa matsa maka da tambaya ba. Yanzu ina tambaya.

Adireshin kuwa na ba shi, tun ranar da ya zo. Ya ce katin gayyata zai aika. Ta yaya zan sani? Mutum ya zo da hula a hannu. Ka yafe min.

Shekaranjiya ya tsayar da motarsa a ƙofar gida, bai fito ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Doña Zunilda, ƙaninki ya rubuto ko?" Na ce a'a. Ya yi murmushi ya ce, "Ikon Allah, ni kuwa an ce min an ga kin karɓi wasiƙa daga kudu." Na ce ta wata ƙawata ce. Ya ce to madalla, ya ja mota a hankali.

Daga nan na wuce ofishin tarho na kira kamfaninku. Wata mata ta ce kwana biyar ba ka zo aiki ba, ba ta san inda kake ba, ta ajiye. Na sake kira, ba a ɗauka ba.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto. Ko sunanka kaɗai ka sa a takarda ka aiko, zan gane.

Zunilda

Tres Ceibos, 3 ga Maris, 1997

Rufino ƙanina,

Ban san ko kana karanta waɗannan takardun ba, amma zan ci gaba da rubutawa. Mama tana nan, ruwan ya sauko a ƙarshe, ƙafar ta sabe. Ban gaya mata komai ba. Ta tambaye ni me ya sa na rame, na ce zafi ne. Duk sanda na ga ɗan sanda ya shigo layinmu, sai ya wuce gidan sannan nake numfashi. Aníbal ya ce in ba a ji daga gare ka ba zuwa ƙarshen mako, zai hau mota ya je ya duba, ko da kwana uku zai yi a hanya.

An kawo dutsen. Ranar Alhamis na bi ta dandali na tarar mai sassaƙa ya rubuta sunayen da alli kafin ya sa ƙarfe. Naka yana dama, na huɗu. Na tsaya ina kallo, ina roƙon Allah kada a goge shi a mayar da shi ɗaya gefen. Ban ji zuwan Don Evaristo ba, sai muryarsa a bayana.

"Ya yi kyau ko?"

Na ce ya yi.

Ya ce, "Kin san yaran nan, wasu sun dawo kansu ba daidai ba. Sai su riƙa tuna abin da bai faru ba. Cirilo ma, Allah ya ji ƙansa, surutu ya yi masa yawa daga ƙarshe." Ya sa yatsa ya gyara allin sunanka inda ya ɗan goge. Ya ce, "Mai gonar da mijinki yake aiki abokina ne sosai. Yana yabon Aníbal."

Daga nan gidan Nélida na nufa, matar Cirilo. Na tambaye ta ko mijinta ya san mutumin nan. Ta tashi ta rufe taga tukuna. Ta ce tun ranar da aka buɗe shagon, Cirilo bai ƙara bi ta tasha ba, sai ya zagaya ta bayan makabarta. Wata rana Cirilo ya hango Don Evaristo a kasuwa, ya yi fitsari a wando, babban mutum mai 'ya'ya uku. Ta ce iyakar abin da ta sani ke nan, kuma kada in ce ita ta gaya min.

Wane ne wannan mutumin, Rufino? Me ya yi muku? Da hannuna na miƙa masa mate a ɗakin Mama.

Ka rubuto, don Allah.

Zunilda

Puerto Deseado, 9 ga Maris, 1997

Yaya,

Ina raye, ina lafiya. Jiya na dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ki yafe min. Na rantse ba abin da nake nufi ke nan ba, ban taɓa tunanin haka za ki fassara ba. Ki tsayar da Aníbal, kada ya taso. Shawarar da na yanke ita ce in faɗi abin da ya faru, ba ta mutuwa ba ce. Tafiya na yi cikin ƙasa, gonar tumaki, neman wani Leandro Curihual. Mu uku ne a ramin, ni da shi da Fermín.

Katin gayyatar ya zo. A bayansa Quiroz ya rubuta da hannunsa: "Yayarka mutuniyar kirki ce. Ka tuna hannun wa ya ɗaura igiyar."

To ga shi, Yaya, ki zauna kafin ki karanta.

Yunwa muke ji a tsibiran, irin wadda ba zan iya kwatanta miki ba. Wata safiya Fermín ya lallaɓa tantin da ake ajiye abincin manya, ya ɗauko gwangwanin nama biyu. Mu uku muka cinye da yatsu. Quiroz ya tsinci gwangwanin a bayan raminmu, ya jera mu ya ce waye. Fermín ya ce shi kaɗai ne. Sai ya sa aka kafa turakun tanti huɗu a ƙasa, ya sa Fermín ya cire babbar riga ya kwanta rigingine a cikin laka. Ya miƙo min igiya ya ce, "Kai ne abokinsa, kai za ka ɗaure." Na tsaya. Ya ɗora bakin bindiga a bayan kunnena. Na ɗaure. Fermín ya ce min a hankali, "Sako-sako, Rufi." Na yi sako-sako. Quiroz ya zo ya ja igiyar ya ce in sake. Na sake.

Tun safe Fermín yana nan, ƙanƙara tana sauka a fuskarsa. Bayan tsakar rana jirage suka zo. Kowa ya faɗa rami. Tsakanina da shi taku ashirin ne, wuƙa kuma tana ƙuguna. Ina jin yana kiran sunana. Ba sunan Leandro ya kira ba, nawa ya kira. Ban fita ba. Da jiragen suka tafi muka same shi ya cika. Har yau ban san ko ɓurɓushin bam ne ko sanyin ne ya riga ba. Quiroz ya yanke igiyoyin da kansa, ya rubuta cewa Fermín yana yaƙi ya mutu, a kan bindigarsa. Da aka dawo da mu, kafin a sallame mu aka sa muka sa hannu cewa ba za mu yi magana ba. Cirilo ma an taɓa ɗaure shi haka, shi ya tashi da rai.

Da na sami Leandro, kwana uku sai aiki muke tare. Rana ta huɗu ya karanta abin da na rubuta, ya sa sunansa a ƙarƙashin nawa.

Takardar tana cikin ambulan ɗin nan, ta Doña Blasia ce. Ba ta karatu, sai an karanta mata. Amma ku ne kuke garin, Yaya, ku Quiroz zai riƙa gani kullum. In kin ga ba za ki iya ba, ki jefa ta a murhu, ba zan taɓa ganin laifinki ba.

Ƙaninki,
Rufino

Tres Ceibos, 18 ga Maris, 1997

Rufino,

Da na ga rubutunka a bayan ambulan sai na zauna a kan dakalin gidan waya na yi kuka, mutane suna wucewa suna kallona. In ka zo sai na fara marinka sannan in rungume ka. Muna lafiya. Mama tana gaishe ka.

Kwana biyu takardar tana cikin rigata. Aníbal ya ce, "Zuni, in aka kore ni ana gab da tsinkar lemo, me za mu ci?" Na ce ban sani ba. Ya fita bai karya ba. Da ya dawo da yamma ya ce, "Ki je. Amma ki bi ta bayan makabarta."

Na tarar da Doña Blasia tana murza ƙullun chipá, burodin rogon nan, a tsakar gida. Na ce saƙo ne daga gare ka. Ta goge hannu ta ce in karanta. Na so in tsallake wurin igiyar, ta ce, "Kin tsallake wani abu. Koma." Na koma. Har na gama ba ta motsa ba, kaji suka zo suna cin ƙullun ba ta kore su ba. Can ta ce, "Ya ci naman dai? Ya ƙoshi?" Na ce takarda ta ce ku uku kuka cinye. Ta gyaɗa kai. Ta karɓi takardar ta naɗe ta sa a jaka. Ta ce, "Ki ce masa ya zo ya gaya min da bakinsa."

Na tambaye ta me za ta yi. Ta ce in tafi gida.

Tsoro nake ji, Rufino. Kwamiti ya riga ya tsara cewa ita za ta ja ƙyallen da za a rufe sunayen da shi, Don Evaristo kuma shi zai riƙo hannunta ya kai ta gaban bangon. Motarsa ta wuce ta ƙofarmu sau biyu jiya. Ka zo. Motar Litinin tana isowa da hantsi, zan jira ka a tasha.

Zunilda

Tres Ceibos, 3 ga Afrilu, 1997

Rufino,

Muna lafiya zuwa yanzu. Na jira motar Litinin, na jira ta Talata. Ba zan yi maka faɗa ba. Bari in gaya maka abin da ya faru jiya.

Dandali ya cika. 'Yan makaranta da tutoci, 'yan badujala daga birni, magajin gari da doguwar takarda. Tsoffin sojoji shida da suke garin an jera su a gefe, kawunansu a ƙasa. Don Evaristo ya sa lambobin yabonsa a ƙirji. Bayan taken ƙasa ya yi magana a lasifika, ya ce yaransa ne, ya ce Fermín Ojeda ya mutu yana kallon abokan gaba ido da ido. Aka tafa. Aníbal ya riƙe min gwiwar hannu.

Sannan ya sauko ya miƙa wa Doña Blasia hannu. Ba ta karɓa ba. Ta tashi da kanta, ka san ƙanƙanuwar mace ce, da ƙyar ta kai kafaɗarsa. Ta ce, "Ka kwance min shi tukuna."

Ya yi dariya ya dubi jama'a. Ya ce, "Doña, rana ta yi miki yawa."

Ta ce, "Ka ɗaure min yaro a ƙasa kamar fatar da ake shanyawa, saboda gwangwani biyu. Ka kwance shi, sannan ka taɓa sunansa."

Fuskarsa ta canza, Rufino, na ga fuskar da ku kuka sani. Ya ɗaga murya ya ce, "To a tambayi Rufino Maidana hannun wa ya ɗaura igiyar!" Mutane suka juyo suna kallona, ni da Mama.

Doña Blasia ta ce, "Shi ya riga ya gaya min. Kai ne ba ka gaya min ba."

Sai Mauro Benítez, wanda yake gyaran keke, ya fito daga layin sojojin yana ɗingishi, ya zo ya tsaya a bayanta. Wasu biyu suka biyo shi. Sauran ukun ba su motsa ba. Magajin gari ya yi wa 'yan badujala alama su busa, suka busa, ita kuma ta je ita kaɗai ta ja ƙyallen ya faɗi. Ta sa ni na nuna mata wanne ne sunan Fermín, ta ɗora tafin hannunta a kai ta daɗe.

Kada ka ɗauka an gama. Sunan Quiroz yana nan a dutsen, shagonsa a buɗe yake yau da safe. Wasu suna cewa mun ɓata wa gari rana, matar mai burodi ba ta amsa gaisuwata ba. An ce wa Aníbal ya huta a gida har a neme shi. Mauro ya ce za su kai takardarku birni wurin lauya, ban san ko za ta yi wani amfani ba. Mama ta ji komai. Tun jiya tambaya ɗaya take yi, wai a ranar kai kana da babbar riga a jikinka?

Doña Blasia ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa: "Ban ce na yafe ba. Na ce ya zo."

Yayarka,
Zunilda

Puerto Deseado, 11 ga Afrilu, 1997

Yaya Zunilda,

Ina lafiya. Ki gaishe da Mama, ki ce mata ina da riga ranar. Ki ce wa Aníbal ya yi haƙuri, ban san da wane baki zan gode masa ba.

Na sayi tikiti a wancan karon. Har na sa ƙafa a matakalar mota, sai na ji ba na iya numfashi, na sauka. Na zauna a tashar har aka share ta.

Na sake sayen wani. Na kuma gaya wa direban, tsohon soja ne shi ma, cewa in ya ga zan sauka a hanya ya riƙe ni. Ranar Alhamis da hantsi zan iso. Ban san ko bakina zai buɗe a gaban Doña Blasia ba.

Kada ki zo tasha, shagonsa yana kallon wurin. In kin ga rana ta yi ban shigo gida ba, kada ki tsorata. Ina gidan Doña Blasia.

Ƙaninki,
Rufino